Fulako a Gaban Awarar Taiwan

Tun da na dawo daga umara ban samu na miƙe ƙafa ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, kafin ta tofar da ƙwallon dabinon da na ba ta sai ta gyara zama ta ce, "To Hajiya Rabi, wai da gaske ne an gan ki a Madina kina cin abincin 'yan Sin da tsinke?" Har yau ba a samu mai tsoron Allah ɗaya da ta tambaye ni yadda na ga Rauda ba. Labarin ya riga ni sauka a Malumfashi, kuma na san wanda ya aiko shi, za mu zo kansa. Don haka ga shi na rubuta gaba ɗaya, kowa ta karanta ta ƙyale ni in ji da ciwon gwiwata. Gyara na farko, ba 'yan Sin ba ne, 'yan Taiwan ne, an ja mini kunne a kan haka. Na biyu, da cokali na ci.

Ba ibada kaɗai ta kai ni ba, da aike a bakina. Yayata Hauwa tun ina 'yar firamare aka kai ta aure Madina. Mijinta Usman jikan mutanen nan ne da suka tafi hajji a ƙasa suka zauna can, har 'ya'yansu suka zama 'yan ƙasar. Ya zo Malumfashi neman dangin kakansa, bai samu dangin ba, ya samu Hauwa. Ta daɗe ba ta haihu ba, da ta haihu kuma sai ciwo ya sa ta gaba, zuwa gida ya gagara, har Allah ya karɓi abarsa 'yan shekarun baya. Ta bar 'ya ɗaya, Abrar, wadda yanzu ta zama budurwa tana aiki a kantin magani. Mahaifiyarmu Iya ba ta taɓa ɗora hannu a kan yarinyar nan ba. Ga tsufa ya kama Iya sosai, idanun sai dishi-dishi, likita ma ya daina yi mana dogon bayani.

Ana gobe zan tafi na shiga yin sallama da ita. Ta ce, "In kin je ki gai da mutanen can." Na ce su wa? Ta ce duk wanda na gani. Ta yi ta jan carbi, can ta ce, "Ki shaida wa yarinyar nan ɗakin kudu babu kowa a ciki. Ni kuma ba yarinta nake ƙarawa ba." Wanda bai san gidanmu ba zai ce zancen ɗaki ake yi. Ni da na tashi a hannunta na san Iya ta gama kuka ke nan har da majina, cewa take a kawo mata jikarta kafin ta mutu. Na ce to. Ta miƙo mini ƙullin daddawa ta ce in kai tsaraba.

Motar da ta ɗauke mu zuwa Kano, ni da abokiyar tafiyata Hajiya Talatu, direban ya rantse mana lafiyarta ƙalau. Wataƙila a zamanin kakansa. Kafin mu kai Gwarzo ta sha ruwan da ya ishi garken shanu, kowane tsayi kuma sai ya buɗe gabanta ya leƙa ya girgiza kai, ya dawo ya ce mana ba komai. Ita kuwa Hajiya Talatu ta sa an zuba mata lalle hannu da ƙafa har ya yi baƙi wuluk, ta zauna ta baje yatsu a cinya kada jakata ta goge mata ado. Na ce, "Hajiya, ɗakin Allah za mu ko gidan biki?" Ta ce ai ado sunna ne. Na san dai akwai ranar ƙin dillanci.

Ranar ba ta yi nisa ba, a filin jirgin Madina ta same mu. Na'urar ɗaukar zanen yatsu ta karɓi nawa, ta karɓi na tsofaffin da ko haƙori babu, ta zo kan Hajiya Talatu ta ce ba ta san zancen ba. Ma'aikacin ya goge gilashin, ya sa ta goge yatsan, ya ce ta canza hannu. Layi ya taru a bayanmu, har mutanen Indunusiya da aka sani da haƙuri suka fara gunaguni. Da ƙyar babban yatsanta na hagu ya ceci sunna. Ina cikin yi mata dariya aka ce in buɗe jakata. Wani matashi mai ladabi ya zaro ƙullin Iya, ya kwance, ya kai hanci. Bawan Allah ya ja da baya har ya taka ƙafar abokin aikinsa. Ya ce, "Esh hada?" wato mene ne wannan. Larabcina na kasuwa ne, wanda na tsinta wajen saro atamfa da abaya, sai na ce masa, "Shurba," miya. Ya dube ni da tausayi, irin duban da ake yi wa mutanen da yaƙi ya ci garinsu, ya ɗaure ƙullin da kansa ya ce, "Yalla, yalla," wato in wuce. Ina jin da zinariya ce da an fi daɗewa ana tambayata.

Masaukinmu otal ne kusa da Harami, mu huɗu a ɗaki. Akwai wata Basakkwatiya da ta yi imani cewa duk wanda ya kashe na'urar sanyi ya rage mata ladar tafiya, Hajiya Talatu kuma ƙashinta ba ya son sanyi. Ɗaya ta kunna, ɗaya ta kashe, kowacce da carbi a hannu. Abinci kuwa shinkafa da kaza da rana, kaza da shinkafa da yamma. Kazar ma irin wadda ba ta taɓa gudu a rayuwarta ba, kana taɓa ta ƙashi ya rabu da tsoka. Da safe gurasa da wani dafaffen wake da aka dama aka malala masa mai. Na ci don kada in faɗi a sahu.

Amma kada tsiyata ta sa ku zaci ban ga komai ba. Ranar da na fara shiga Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bakin nan nawa da ba ya mutuwa ya mutu murus, na yi kuka kamar yarinya. Na sake yin wani a jikin katangar Baƙi'a, maƙabartar da aka sa Yaya Hauwa. Mata ba sa shiga, sai na tsaya daga waje ina leƙe. Kaburburan ba suna ba alama, duk iri ɗaya. Ban san wanne ne nata ba, na yi musu addu'a gaba ɗaya, na ce ta ɗauki rabonta a ciki.

Gidan su Abrar yana unguwar Sih. Ita ta zo ta ɗauke ni da kanta, tana tuƙa mota da hannu ɗaya, ni kuma na riƙe ƙofa da hannu biyu. Da na gan ta gabana ya faɗi, don Hauwa ce sak, har ɗan karkata kan nan in tana sauraro. Ina jiran ta durƙusa ta gaishe ni, sai ji na yi an rungume ni ana sumbatar kumatuna dama da hagu, ana "Khala, Khala," haka suke kiran ƙanwar uwa. Hausa tana ji sarai, amma in za ta mayar sai ta kwaɓa ta da Larabci. Zan riƙa daidaita muku maganarta inda ta karkace da yawa.

Mahaifinta ya karɓe ni da mutunci, yana wata tsohuwar Hausa da rabon da in ji irinta tun kakata na da rai. Aka kawo gahawa mai ɗaci a ɗan kofin da bai fi murfin kwalba ba. Ina shanyewa a ƙara, ina shanyewa a ƙara, ashe sai ka girgiza kofin ake sanin ka ƙoshi. Ba wanda ya gaya mini, na sha har hannuna ya fara girgiza da kansa, sannan aka ƙyale ni. Na ba Abrar daddawar Iya. Ta yi godiya sosai, ta sa ta a leda, ta sa ledar a wata leda, ta sa a roba mai murfi, ta kai can bayan kicin.

Nan na fara isar da aike yadda aka koya mini. Na ce, "Iya tana gaishe ki." Ta ce Allah ya ba ta lafiya. Na ce, "Jikin nata fa sai a hankali, tsufa." Ta rubuta mini sunan wani maganin ƙarin jini. Da na sake zuwa na ce, "Ɗakin kudu, wanda mahaifiyarki ta tashi a ciki, yana nan babu kowa." Ta ce, "Haram, me ya sa ba ku ba da shi haya ba?" Na ce bana damina ta yi kyau, an ce jirgi ma yanzu ba wuya. Ta ce ma sha Allah. Duk wani hannunka-mai-sanda da na sani na yi wa yarinyar nan, ko gezau. Na koma otal ina cewa a raina albasa ba ta yi halin ruwa ba, Hauwa da ko ƙifta ido ka yi ta gane.

Ana gobe za mu wuce Makka ta kira ni ta ce, "Khala, yau akwai azuma gare ki," wato liyafa. Na ce madalla, yarinya ta tuna tarbiyya. Na ƙi cin shinkafar otal, na bar ciki fayau tun shayin safe, na ɗauko mayafina mai tsada. Bayan la'asar ta zo. Sai na ga mun bar hanyar Sih mun nufi Khalidiyya, ta tsaya a gaban wani ɗan shago tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Ta ce mun iso.

Jama'a, ku auna. Ƙanwar uwarki ta ƙetare teku ta zo, a rasa wanda zai hura mata wuta a gida, sai a kawo ta bakin titi. A garinmu mace mai shekaruna ko gyaɗa ba ta tauna a kasuwa. Shagon kuwa ɗan tsugul ne, an rataye jajayen fitilun takarda, bango duk hotunan wata kasuwa mai cunkoson babura. Kujerun gajeru ne na roba, irin waɗanda muke ba yara a islamiyya, teburin kuma bai fi faifai biyu ba. Babu labule, babu lungu, gilashi ne har ƙasa, duk mai wucewa yana iya ƙirga lomarka. Samari da 'yan mata sun cika wurin, kowa na zuƙar wani abu da ƙaton bututu. Na tambaya ko halal ne. Abrar ta nuna mini mai shagon, wata 'yar gajeruwar mata da hijabi a bayan kanta, ta ce Musulma ce 'yar Taiwan, karatu ya kawo mijinta suka zauna. A ƙasarsu wai irin wannan abincin a tsaye ake cin sa a kasuwa. Na ce to mun gode da aka ba mu kujera.

A wurin ba a zuwa a tambaye ka. Kai za ka je gaban kanta ka tsaya, ka dubi hotuna, ka faɗi abin da ranka ke so kowa na ji. Abrar ta ja ni har can ta ce, "Khala, esh tibghi? Me kina so?" Ni Rabi, in tsaya gaban baƙuwar fuska in lissafa abin da zan ci, sai ka ce mayunwaciya? Na gyara mayafi na ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake, ci abinki." Kowa ya san wannan buɗe taro ne kawai. Baƙo ya ce ya ƙoshi, mai gida ya yi kamar bai ji ba ya dire masa kwano, baƙo ya ce kai, har da wahala haka, sannan ya share kwanon tas. Haka aka yi wa iyayenmu, haka muke yi wa na baya. Ta ce, "Akid? Tabbas?" Na ce ƙwarai kuwa. Na ga fuskarta ta ɗan canza, ta juya ta yi magana da matar, aka ba ta wani ɗan faifai baƙi muka zauna.

Ina ta kiyasta yadda zan yi da gwiwata in an tashi, sai faifan nan ya hau kururuwa yana rawa a kan tebur yana walƙiya. Na yi salati na kusa kifewa. Ashe shi ne mai shelar abinci ya nuna. Ta je ta dawo da tire. Kwano ɗaya, faranti ɗaya, kofi ɗaya. Ni kuma aka ajiye mini robar ruwa.

Ta turo tiren gabana ta ce, "Tafaddali, ki ɗanɗana." Na ce a raina yawwa, an zo zagaye na biyu. Na ce, "A'a, ci, ke kika wuni wurin aiki." Sai yarinyar nan ta janye tiren. Ta janye shi, wallahi, ta yi bisimilla.

Tunda ba ni da aikin yi sai na zuba wa abincin ido. Kwanon taliya ce a cikin romon naman sa, baƙi-baƙi, yana tururi, ƙamshin citta da kanumfari da wasu abubuwan da ban sani ba yana shiga hancina ba sallama. Gefe ga wani farin abu mai laushi an naɗe shi da nama a ciki, na dube shi da kyau na ga alkubus ne ya je makaranta. A farantin kuwa awara ce, awarar nan dai da 'yan mata ke soyawa a ƙofar gidanmu, sai dai wannan an bar ta ta kwana biyu da gangan har ta yi wari, kuma warin ake saya. Mutanen da suka ja da baya saboda daddawar Iya! Kofin shayi ne da madara da ƙanƙara, a ƙasansa wasu baƙaƙen ƙwallaye kamar kashin awaki. Na tambaya, ta ce da garin rogo ake yin su. Rogo, awara, alkubus, taliya. Na biya kuɗin jirgi na zo kallon abin da ke layinmu, kuma ko shi ban samu ba.

Ina cikin wannan hali aka ce, "Sannu Hajiya! Ba ke ce mai atamfa ta bakin tasha ba?" Na ɗaga kai, sai ga Sale, wani magidanci ɗan unguwarmu da aka ce ya tafi Saudiyya aiki, da tsumma a hannu yana goge tebura. Duk faɗin Madina a rasa inda zai samu aiki sai nan. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, idonsa na kan robar ruwana. Ya ce, "Hajiya ko azumi ake?" Na ce a'a. Ya ce, "To in jira kike a kawo miki, da yunwarki za ki ɗaura harami. Nan sai an je an faɗa." Ya wuce yana dariya yana laluben wayarsa a aljihu. Kun ji wanda ya aiko muku da labari, tun kafin in sa komai a baki.

Yana ba da baya cikina ya yi wata ƙara da ko na teburin kusa sai da ya waiwayo. Abrar ta ajiye tsinkayenta ta ce, "Khala, yunwa kike ji?" Nan fa na fashe. Na ce, "Yunwa nake ji mana! Tun safe ban ci komai ba saboda liyafarki. Wace irin tarbiyya ce wannan? Ana tambayar baƙo ne? Ajiye masa ake yi!"

Ta ce, "Amma na tambaye ki kika ce a'a."

Na ce, "A'ar baƙo a'a ce?"

Ta ce, "To ta yaya zan sani?" Idonta ya kawo ruwa. "Na zaci ƙyamar wurin kike. Ni ban iya tuwo ba, Khala. Nan ne wurin da Mama take so. Da ciwo ya hana ta cin komai, awarar nan kaɗai take iya ci, a wannan teburin. Takan ce warinta kamar gida. Shi ya sa na kawo ki, ba ni da abin da ya fi shi."

Na dubi teburin, na dubi farantin. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Ita kuwa ba ta gama ba, abin ya daɗe yana cin ta. Ta ce, "Ku duka haka kuke. Mama ba ta taɓa cewa tana son zuwa gida ba, sai dai ta ce yanzu ana cin ɗanyar gyaɗa a can. Sai da ta rasu Baba ya gane. Ku kuma ba wanda ya taɓa ce mini in zo."

Na ce, "Ke, ana gayyatar mutum gidansu ne?"

Ta ce, "A nan ba a zuwa inda ba a kira ka ba. Kuma Iya ba ta son mu. In an haɗa mu a waya ko sunan Mama ba ta faɗa, sai ta ce waccan. Ranar rasuwa cewa ta yi Allah ya jiƙan Musulmi, shi ke nan. 'Yarta fa!"

Sai a lokacin na ga irin ramin da ke tsakaninmu. Na ce, "Abrar, uwarki 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna tana son sa a gaban mutane, kunya ce. Ranar da aka yi rasuwar, Iya ta ajiye waya ta shiga ɗaki, sai da muka ɓalle ƙofa. Tun daga ranar idonta ya fara tafiya." Ta tsura mini ido da kan nan a karkace. Na ga in na sake yin zancen ɗaki da damina, gobe zan hau mota da aikena a baki, in koma in tarar da tsohuwa ba amsa. Na haɗiye fulakon da na gada kaka da kakanni na ce, "Iya ce ta aiko ni. Tana son ganinki kafin ta mutu, kuma ba ta da lokaci mai yawa. Ki zo. Roƙonki nake."

Ta share ido da bayan hannu ta ce, "In ita ta faɗa da bakinta, zan zo."

Na ce a raina yarinya kin nemi nonon kaza. Amma na ciro waya na kira Sadiya, matar ƙanena mai kula da Iya, na ce ta kai mata. Na buɗe muryar wayar yadda Abrar za ta ji. Iya ta tambayi zafin garin. Ta tambayi ƙafar Hajiya Talatu. Ta tambaya ko an kai daddawa. Na ce, "Iya, ga yarinyar nan kusa da ni. Ba ta jin irin Hausarmu. Ta ce ba za ta zo ba sai kin ce ta zo."

Iya ta yi gyaran murya. Can ta ce, "Rabi, kin je ƙasar mutane kin zubar da kunya."

Na ce, "Na zubar, Iya. Saura ke."

Muna jin ƙarar carbinta. Sannan ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Ke 'yar nan."

Abrar ta ce, "Na'am, Iya."

"Ki zo. Idona ya tafi, amma hannuna yana nan. Ki zo in shafa fuskarki in ji ko ta uwarki ce."

Abrar ta kifa kai a kan ɗan teburin nan tana kuka tana cewa, "Zan zo, Iya, wallahi zan zo," da Hausa tsantsa ba gauraye. Ni ma na ja mayafi na rufe fuska, mutanen titi na ta kallonmu ta gilashi, ban damu ba.

Da muka natsa na miƙe da kaina, gwiwa na ƙara, na je gaban kanta na nuna hotuna da yatsa na ce wannan, da wannan, da wancan. Mai shagon ta dube ni ta dubi Abrar, ta dafa ƙirji ta ce, "Ukht Hawwa?" 'yar'uwar Hauwa. Na gyaɗa kai, ta ƙara mini awara a kan wadda na nuna. Tsinkayen na gwada su don kada a ce ban gwada ba, awara ta yi tsalle ta sauka a cinyata, na ce a ba ni cokali. Romon ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba, ko da yake da an sa masa ɗan yaji na kirki da ya fi haka. Alkubus ɗin ya wuce ba gardama. Awarar kuwa hanci ne ke wahala, baki lafiya lau. Shayin ne ya so ya kashe ni: na zuƙa da ƙarfi, ƙwallon rogo ya bi bututu ya wuce maƙogwaro ba izini, na yi ta tari Abrar na bubbuga mini baya tana dariya da hawaye a fuska. Ban rage komai a tiren ba, ko ɗan abin nan da baƙo ke bari don mutunci.

Washegari muka wuce Makka muka yi umararmu lafiya, Allah ya karɓa. Kafin in baro ƙasar Abrar ta nemi hutu a wurin aiki, mahaifinta ya ce shi zai rako ta, sun sa bayan ƙaramar Salla.

Na dawo na tarar da Iya ta canza. Maganin da muka daɗe muna fama ta sha tana tofarwa, yanzu ita ke tuna wa Sadiya lokacinsa. Jiya wata maƙwabciyarmu ta shigo gaishe ta, ta ce, "Iya, ashe baƙi za mu yi, an ce kin kira jikarki ta Madina." Iya ta ɗaure fuska ta ce, "Ni? Ni ban kira kowa ba. Mutum da gidansu." Matar na fita ta laluba ta kamo hannuna, ta rage murya ta ce, "Rabi, yau nawa ga wata?"